Murar jariri a lokacin hunturu: wane maganin gida za a yi, wanne za a bari?

"Assalamu alaikum Anti. Yarona watansa huɗu, nono kawai yake sha. Tun da hunturun nan ya shigo mura ta kama shi, yau kwana uku ke nan. Hancinsa ya toshe, in ya kama nono sai ya saki yana kuka, da daddare kuma ƙirjinsa na ta kurkur, ba ya barci. Jikinsa dai ba zafi. Hajiyar maigidana ta ce a narka man shanu a ɗiga masa a hanci, a shafa masa mantaleta a ƙirji, a lasa masa zuma da tafarnuwa. Maƙwabciyata kuma ta ce sirace za a yi masa, wai in tarin bai tsaya ba to belu ne, a kira wanzami. Ni haihuwar fari ce, ban san wanne zan ɗauka ba, kuma ba na son in saɓa wa Hajiya. Don Allah wane maganin gida ne ba shi da illa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba shi lafiya Ya raya mana shi.

In na fahimce ki, abu biyu ke damun ki: yadda za ki buɗe wa yaron hanci ya samu ya sha nono ya yi barci, da kuma yadda za ki tace shawarwarin da suka yi miki yawa ba tare da kin ɓata da surukarki ba. Zan ƙara miki na uku da ba ki tambaya ba, wato yadda za ki gane ranar da abin ya wuce mura. A aikina na jinya a ɗakin yara, wannan na ukun shi ne ya fi raba yaran da aka kawo a kan lokaci da waɗanda aka kawo a makare.

Abu mafi muhimmanci a cikin saƙonki shi ne watannin yaron. Maganin da ya dace da ɗan shekara uku yana iya kwantar da ɗan wata huɗu a asibiti. Yawancin abubuwan da aka lissafa miki ba ƙarya ba ne, manya suna amfani da su suna jin daɗinsu. Matsalar ita ce an ɗauko su daga jikin babba an kawo su jikin jariri.

Me ya sa hancin yake hana shi shan nono

Jariri a watanninsa na farko da hanci ya fi yin numfashi. Bai saba buɗe baki ya ja iska ba sai in yana kuka. Ƙofar hancin kuma ƙarama ce ƙwarai, majina kaɗan ta isa ta rufe ta. Lokacin shan nono bakin a cike yake, to in hancin ma ya toshe dole ya saki ya numfasa, ga yunwa na cin sa, sai ya fashe da kuka. Ba nonon ya ƙi ba, kuma ba nonon ne ya lalace ba, kamar yadda wasu ke saurin cewa.

Ita mura ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma ire-irensu sun haura 200. Ana ɗaukarta daga atishawa da tari da hannun wanda ya fyace hanci sannan ya ɗauki yaro. Sanyin hunturu da kansa ba shi ne cutar ba, amma yana share mata hanya: iska ta bushe, ƙura ta cika gari, fatar cikin hanci ta bushe ta tsattsage, ga kowa ya shige ɗaki an rufe ƙofa da taga ana shaƙar numfashin juna. Ƙaramin yaro yana iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, har fiye in yana da yayye 'yan makaranta ko gidan yawa ne. Takan tsananta tsakanin kwana na uku da na biyar, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10, tarin kuma ya kan ja har mako biyu ko uku. Wato ke yanzu kina tsakiyar wahalar ne. Majinar za ta iya komawa ruwan ɗorawa ko kore-kore, wannan shi kaɗai ba ya nufin ana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Babu maganin da ke kashe mura, na gida ko na kemis. Jikin yaron ne zai kore ta. Aikinki shi ne ya samu iska, ya samu nono, kada kuma a ƙara masa wata cutar garin neman magani.

Abin da za ki yi daga yau

Ruwan gishiri shi ne na farko. A kemis ki ce a ba ki nomal salin na ɗigawa a hanci, ki duba jikin kwalbar ki ga an rubuta 0.9%. Ki kula sosai a nan, domin akwai wani maganin ɗigawa a hanci na manya mai buɗe hanci nan take, kwalabensu suna kama da juna, shi kuwa yana iya sa jariri ya yi laushi numfashinsa ya ragu. In mai kemis ya miƙo miki wani abu ya ce ai wannan ya fi ƙarfi, ki mayar masa.

In babu kemis kusa, ki haɗa da kanki. Ma'aunin shi ne gram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. A aikace, ki tafasa ruwa, ki bari ya huce, ki auni rabin lita, wato daidai cikin ledar fiya wata ɗaya, ki zuba gishirin girki cokalin shayi ɗaya a shafe, har ma ya ɗan gaza. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ki zuba a kofi mai murfi, gobe ki zubar ki haɗa sabo. Kada ki ɗiga masa ruwa zalla, yana da zafi a hanci fiye da mai gishirin.

Ki kwantar da shi a cinyarki, kansa ya ɗan yi baya kaɗan. Ki ɗiga ɗigo biyu a ƙofar hanci ɗaya, ki jira kamar rabin minti, sannan ɗayar. Zai yi kuka, zai yi atishawa, sau da yawa atishawar ce ma ke fito da daskararriyar majinar. Abin da ya fito ki goge da tsumma mai laushi. In kina da ɗan robar nan mai zuƙo majina, ki matse ta tun kafin ki kai ta hancin, ki sa bakinta a ƙofar kawai, ki saki a hankali, ki wanke ta da sabulu bayan kin gama. Ki yi haka kamar minti goma kafin ba shi nono da kuma kafin barci. Zuƙar kada ta wuce sau uku ko huɗu a yini, don yawanta yana kumbura cikin hancin ya ƙara toshewa. Tsinken auduga da gashin kaza da bakin ɗankwali da aka murɗe, duk kada a tura masa.

Iyayenmu da baki suke zuƙe wa jariri majina, kuma maganar gaskiya yana aiki. Na sha ganin kaka ta yi wa jikanta a kan benci kafin layi ya zo kansu, yaron ya kama nono nan take. Aibinsa shi ne musayar ƙwayoyin cuta, daga bakin babba zuwa hancin yaro, daga yaro zuwa babba. In dare ya yi ba ki da komai a hannu, ke uwarsa kika yi a hankali, ba zan ce kin yi laifi ba. Amma mai ƙuraje a baki ko a leɓe kada ta kusanci hancin jariri. Ɗiga ruwan nono a hanci, wanda shi ma tsohuwar al'ada ce, ɗigo ɗaya ko biyu ba ya cutarwa, sai dai ruwan gishiri ya fi shi tsinka majina.

Na biyu shi ne nonon kansa. Tunda ba ya iya daɗewa a kai, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kina ɗan tayar da shi zaune a jikinki maimakon a kwance. In ya gaji ya kasa ja, ki tatsa a kofi mai tsabta ki ba shi da ƙaramin cokali yana zaune, ba tare da kin matsa masa ba. Har ya cika wata shida ba ya bukatar ruwa ko da a hunturu ne, nonon ya ishe shi. Ki riƙa lura da fitsarinsa: yaron da ke samun isasshen nono yana jiƙa nafkin wajen sau shida a yini da dare.

Na uku goyo. Wannan maganin gargajiya ne da ban taɓa jin wani likita ya kushe ba. Yaro a tsaye a bayanki ko a kafaɗarki majina na sauka, ga ɗumin jikinki, ga natsuwa. Amma in za a kwantar da shi barci, a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi a ƙarƙashin kansa. Na san ana cewa a tada kan da filo don ya samu numfashi. Ga jariri filo yana lanƙwasa wuya ya matse hanyar iska, ko ya juya fuskarsa ta nutse a ciki.

Sai ɗakin. Ki yayyafa ruwa kafin shara, kuma a fitar da shi kafin a fara. Ki jiƙa tawul ki rataya, ko ki ajiye baho da ruwa a lungun da yara ba sa kaiwa, don iskar ta ɗan yi laima. Wanka ki bari sai hantsi ya dubi ludayi, da ruwa mai ɗumi, a gama da wuri a shafe shi da mai. Tufafi kuma a ƙara masa ɗaya kawai a kan abin da ke kanki. Ana kawo mana yara cikin riga uku da hula da safa da bargo biyu, gumi na tsatsafo musu, uwar tana cewa zazzaɓi ne. A cire kayan a jira minti ashirin a sake aunawa, sai a ga lafiya lau.

Shawarwarin Hajiya, ɗaya bayan ɗaya

Man shanu a hanci shi ne wanda na fi so ki bari. Mai ba ya sa mutum tari yadda ruwa ke yi in ya bi ta hanyar iska, sai ya silale a hankali ya gangara huhu ba wanda ya sani. Huhu kuma ba ya iya narkar da shi, sai ya taru ya haddasa wani irin ciwon huhu mai naci wanda maganin nimoniya (ciwon sanyin huhu) na yau da kullum ba ya warkarwa. Likitoci a yankin Asir na Saudiyya da kuma Indiya sun rubuta labarin yara da dama da suka kamu da wannan, saboda su ma suna da al'adar ɗura wa jarirai man shanu a hanci ko a baki. Hukuncin ɗaya ne ga man zaitun, man habbatus sauda, man ja da man gyaɗa.

Man kaɗanya yana da ɗan bambanci, kuma ya kamata a yi masa adalci. A 1979 wani masanin magunguna a Jami'ar Legas ya wallafa ƙaramin bincike da ya nuna shafa shi a cikin hanci yana rage toshewa. Binciken ƙarami ne, bai isa a kafa hujja da shi a kan jarirai ba, kuma shi ma mai ne. Abin da nake gaya wa iyaye shi ne a shafa shi a waje: a leɓen sama da gefen hanci inda majina ta sa fata ta yi ja, a ƙirji, a baya, a tafin ƙafa. A nan yana da amfani sosai a hunturu, tausar da ake yi wajen shafawar ma tana kwantar wa yaro da hankali. Narkawa a ɗiga ciki ne ban yarda da shi ba.

Mantaleta da sauran man zafi suna ɗauke da kafur da mental. Abin da suke yi wa babba shi ne su sa hanci ya ji sanyi-sanyi, sai mutum ya ji kamar ya buɗe alhali kumburin na nan. Ga jariri suna iya fusata hanyar iska ta ƙara fitar da majina. Masu yin man zafin nan Vicks da kansu sun rubuta a jikin kwalba cewa ba na yaron da bai kai shekara 2 ba ne. Kafur kuma in ya shiga cikin yaro, ko da ta hanyar tsotsar yatsan da ya taɓa ƙirjinsa ne, yana iya jawo jijjiga. Akwai kuma ɗaya kafur ɗin, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwatin kaya. Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma irin wannan kafur yana farfasa musu jini ya kawo shawara mai tsanani. Kada ki ajiye shi cikin kayan jariri, balle a daka a zuba a ruwan wanka ko a ɗaura masa a wuya don mura.

Zuma kuwa sai an yi maganarta da ladabi, domin Allah Ya ambace ta a Suratun Nahli cewa akwai waraka a cikinta ga mutane, kuma likitancin zamani bai musa ba. Ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya kafin barci yana rage tarin dare, ni kaina shi nake ba iyaye shawara maimakon maganin tari na kwalba. Amma kafin wata 12 ba a bayarwa, ko lasawa ce. Zuma takan ɗauko ƙwayayen wata cuta daga ƙasa da ƙura, waɗanda hanjin babba ke kashewa amma hanjin jariri bai yi ƙwarin hana su tsiro ba. In suka tsiro sai su fitar da dafi mai kashe jijiyoyi: yaro ya daina kashi, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya yi ƙasa, wuyansa ya saki, daga nan numfashi ya gagara. Ba ya yawan faruwa, shi ya sa kowa zai ce miki ai mun ba namu ba abin da ya same su. Kyawun zumar ko tsabtarta ba ya hanawa, tafasawa irin ta gida ma ba ta kashe ƙwayayen. Wata takwas kawai ya rage masa, a yi haƙuri.

Tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba da lemun tsami duk sun yi wa cikin ɗan wata huɗu ƙarfi, ɗanyar tafarnuwa ma tana ƙona fatar jariri in an ɗaura masa. Abin da ya fi jiƙon haɗari shi ne yadda ake ba da shi. Ɗura, inda ake kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba ruwa a tafin hannu a bakinsa, ita ce hanya mafi sauri ta tura ruwa cikin huhu. Yaron da hancinsa ya riga ya toshe yana haki, in aka yi masa ɗura da safe, ba abin mamaki ba ne a kwana da shi a asibiti da iskar oksijin a hanci. Rubutu ma in za a yi, kafin wata shida ke ki sha, shi a tofa masa addu'a a shafe shi da ita. Yanka albasa a ajiye a ɗaki ba ya cutarwa, ba ya kuma maganin komai.

Sirace, hayaƙi da belu

Siracen da aka sani, a lulluɓe da bargo a kan tukunyar tafasasshen ruwa, ba a yi wa jariri. Binciken da aka yi a kan manya ma bai nuna yana warkar da mura ba, ƙunar da yake jawowa kuwa muna ganinta duk hunturu. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: uwa na riƙe da yaro a ƙarƙashin zane, zafi ya dame shi ya yi wutsil-wutsil, ƙafarsa ta doki tukunyar, ruwan ya kwaro a cinyarsa da cikinsa. Fatar jariri siririya ce, ruwan da zai sa hannunki ya yi ja kawai shi zai saɓule masa fata. In kina son ya shaƙi laima, ki ajiye bokitin ruwan zafi a can ƙarshen banɗaki, ki rufe ƙofa, ki zauna da shi a nesa da bokitin na minti goma, ba tare da kin zuba komai a ruwan ba.

Hayaƙi kuma shi ne abin da ba a lissafa shi cikin masu laifi, alhali yana gaba-gaba. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin itace in an goya yaro ana girki a murhu, sigarin maigida, duk suna ƙara kumbura hanyar iska, kuma hayaƙin girki yana cikin sanannun abubuwan da ke jawo wa yara nimoniya. Na san ɗakin mai jego ba ya rabuwa da turare, amma a ɗaga masa ƙafa har ya warke, bayan nan ma a riƙa turara ɗakin yana waje. Mafi muni shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, wadda ke sa mutane barcin da ba a tashi, kuma jariri ne ke fara faɗawa. Haka janareto a kusa da taga ko a cikin soro.

Maganar belu kuma, kowane ɗan Adam da shi aka halicce shi, ɗan naman nan ne da ke reto a ƙarshen ganɗa, yana taimakawa wajen haɗiya. In ana mura yakan yi ja ya ɗan kumbura kamar sauran maƙogwaro, ya koma daidai in an warke. Ba shi ke kawo tari ba. Abin da ke sa a ga kamar cirewar ta yi aiki shi ne, ana kiran wanzami ne a kwana na biyar ko na shida, lokacin da murar ta kama hanyar tafiya da kanta. Abin da ke biyo baya kuwa mun san shi: zubar jinin da jariri ba shi da ƙarfin jurewa, jini ya bi hanyar iska, ciwon sarƙe haƙora, cututtukan da aska ke ɗaukowa daga wani zuwa wani, ga yaro ya ƙi nono kwana da kwanaki saboda rauni a maƙogwaro. A wannan kam ki tsaya da ƙafarki, ki sa maigidanki ya tsaya tare da ke. Haka tsaga a ƙirji ko ƙaho.

Kada kuma ki ɗauka na kemis ya fi na gida aminci. Hukumar kula da magunguna ta Amurka tun 2008 ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba magungunan tari da mura na kwalba, Ingila ma ta kai abin har shekara 6. Ba sa aiki a jikin ƙananan yara, wasunsu kuma suna sa barci mai nauyi. Ampikulos, maganin kashe ƙwayoyin cutar nan da ake ɗiga wa jarirai kamar ruwa ba ya taɓa bairos, sai dai ya kawo gudawa. Asfirin ba a ba yara. Farasitamol na zafin jiki ne da rashin jin daɗi, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka ki bari ma'aikacin lafiya ya faɗa miki adadin.

Ki koyi ƙirga numfashi

Kurkur ɗin da kike ji a ƙirjinsa, sau da yawa ƙarar majinar hanci da maƙogwaro ce ke ratsawa har ki ji ta a tafin hannunki. In kin share hancin kika ji ta ragu, ko ya yi tari ta ɓace, to daga sama take. Amma kunne yana ruɗi, ido da agogo sun fi shi.

Ki bari sai ya natsu, yana barci ko ya gama shan nono, ba lokacin kuka ba. Ki ɗage rigarsa ki ga ciki da ƙirji. Ki saita agogon wayarki minti ɗaya cif. Duk ɗagawa da sauka ɗaya ne. Ki ƙirga har mintin ya cika, kada ki ƙirga rabi ki ninka, domin jarirai suna yin sauri su ɗan tsaya su ci gaba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, wanda muke aiki da shi a asibiti, shi ne: ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi yawa, daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Naki ma'auninsa 50 ne. In kin samu 50 ko sama, ki sake ƙirgawa, in ya maimaita ki kai shi asibiti a ranar, ko da jikinsa ba zafi.

Sannan ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. A lafiyayyen yaro, in ya ja iska ƙirji da ciki tare suke tasowa. In kika ga lokacin jan iskar ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki, wannan ba na jiran wayewar gari ba ne. Haka in ƙofofin hancinsa suna buɗewa da rufewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko kansa na gyaɗawa tare da numfashin, ko leɓe da harshe sun yi duhu, ko numfashin yana ɗaukewa. Haka in ya kasa shan nono sam, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko fitsari ya ragu ƙwarai maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga. Tari mai zuwa a jere har ya shiɗe ko ya yi amai shi ma a kai shi a duba. Zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni, in yaro bai kai wata 3 ba asibiti ne kai tsaye. A watannin naki ma a kai shi a ranar a yi gwajin maleriya, kada a ce ai murar ce.

Ina nanata wannan ne saboda nimoniya kamar mura take farawa. Ƙididdigar UNICEF ta nuna a 2018 ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, alhali in an gano ta da wuri maganin amoksisilin na 'yan kwanaki yakan warkar da ita. Yaran da muke rasawa galibi an yi kwana uku ko huɗu ana jiƙo ana shafe-shafe, numfashi na ta sauri ba wanda ya ɗaga riga ya duba.

Game da Hajiya, kada ki tunkare ta da cewa maganinta ba shi da kyau. Ta raini 'ya'ya har da wanda kike aure, kuma tsoron kada jikanta ya wahala ne ya sa take kawo shawara. Ki ba ta aikin da ya dace da ita: ta shafe shi da man kaɗanya, ta goya shi ki samu ki runtsa, ta yi masa tofi. Zumar da cittar da tafarnuwar kuma ki karɓa da hannu biyu ki ce ke za ki sha, dama mai shayarwa tana bukatar abin ɗumi, kuma ba abin da zai yi wa nonon. Sauran ki ce malaman asibiti sun hana sai ya shekara, ki ɗora laifin a kanmu, mun saba. In da hali ku je awo tare, ta ji daga bakin wata babba irinta. Sau da yawa kakar da aka nuna wa ƙirgar numfashi ita ke zama mai tsaron gidan gaba ɗaya.

Duk wannan bayani na yi shi ne a kan abin da kika rubuto: ɗan wata huɗu, kwana uku, ba zazzaɓi, yana kama nono ko da yana saki. Ban ga yaron ba, ban sa abin aunawa a ƙirjinsa ba, saƙo kuma ba ya maye gurbin wannan. In an haife shi bakwaini ne, ko yana da ciwon zuciya ko sikila, ko nauyinsa bai kai ba, kada ki jira alamun da na lissafa, ki kai shi a duba tun yanzu. In kuma kwana goma suka wuce hancin bai saki ba, ko ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya taso, ko yana ta kuka kunne na fitar da ruwa, shi ma a koma. Ranar da za ki je ki tafi da katinsa na riga-kafi a duba ko ya karɓi allurar mako 6 da 10 da 14, domin a cikinsu akwai ta nimoniya da tarin shiƙa da mashaƙo, kuma mura marar zazzaɓi ba ta hana a yi masa wadda ta rage. Ki haɗa da duk kwalba ko ƙullin maganin da aka riga aka ba shi, ki faɗi gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha.